Rasuwar Peigi, Dodon Tafkin Garvaig

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika, ni Ishbel Macaskill, tsohuwar malamar firamare ta ƙauyen Inverlorsa, nake sanar da rasuwar Peigi, dodon tafkinmu na Garvaig. Ta cika ranar Lahadi da tsakar rana, a kan tsakuwar bakin ruwa, tana da shekara talatin da takwas a duniya, ko da yake allon da ke mashigar gari ya ce ta haura dubu.

Tunda asiri ya riga ya tonu, bari in faɗi asalinta a tsanake. Marigayi mijina Torquil ne ya haɗa ta a rumfar jirgin ruwansa, a shekarar da gida shida suka kwashe kaya suka koma birni, ɗalibaina suka ragu zuwa tara, hukuma ta soma maganar rufe makaranta. Tozayenta uku tayoyin tarakta ne da aka yanka. Wuyanta itace ne, an naɗe shi da tsohon tamfol, an shafe da kwalta. Idanunta kuwa murafan kwalba ne daga kicin ɗina. Igiya ce ke jan ta ta ƙarƙashin ruwa, mutum guda yana murza keken naɗe igiyar a cikin rumfa.

Peigi mai kunya ce, mai sanin ya kamata. Ba ta fitowa sai safiyar da hazo ya kwanta a kan ruwa, kuma kafin a ƙirga goma sha biyu ta koma. Ba a taɓa samun hotonta mai kyau ba. Mai murza keke kaɗai ya san muryarta: ƙiii, ƙiii idan tana tasowa, sai bulbulbul idan ta nutse. Saboda ita baƙi suka riƙa zuwa, masauki ya buɗe, samari suka fasa tafiya, makaranta ta ci gaba da buga ƙararrawa. Ba ta taɓa leƙowa ranar Lahadi ba. Mu nan ko shanyar wanki ba ma yi ranar, Torquil kuma yakan ce ƙaryar kwana shida ta ishi bawan Allah.

Ciwon ya soma ne bara, da ruwa ya shiga wuyanta har ya karkace. Mun yi jinya iyakar ƙoƙarinmu. Lahadin nan muna cikin coci iska ta taso daga yamma, igiya ta tsinke. Da muka fito sai ga ta a gaɓa, ciki a sama, lambobin taya suna ƙyalli. Maza takwas ne a tsaye cikin kayan coci, aikin minti goma ne su ja ta cikin rumfa.

Murdina mai masauki ta dubi Farquhar, dattijon cocinmu, ta ce, "Don Allah ka ce su kama. Motar baƙi tana hanya!"

"Yau Lahadi ce, Murdina."

"Jiya wane ne ya murza keken har zufa na ɗiga daga gemunsa? Ba kai ba ne, tsohon kwabo?"

"Jiya Asabar ce," in ji shi.

Sai ta juyo gare ni. "Malama, dukansu ke kika koya musu karatu. Yi magana mana."

Na ce ai addini ya yarda a ciro dabbar da ta faɗa rami ko da ranar hutu ce. Farquhar ya cire hularsa ya yi tunani, ya ce, "Dabba mai rai, Malama. Ki faɗa a nan ƙofar coci cewa Peigi tana da rai, yanzu mu kama."

Shekara talatin da takwas ina nuna wa baƙi ruwa da yatsa ba ko ƙiftawa. Amma ranar, a ƙofar coci, na kasa faɗar wannan ƙaryar. Muna tsaye motar ta iso. Baƙi suka zagaye ta da wayoyinsu, wani mai jiki ya hau wuyanta don a ɗauke shi hoto. Ƙarar ƙarshe da ta yi ita ce ƙas! Kafin mu kai gida hoton ya gama duniya.

Ta rasu ta bar Murdina da ɗakuna tara waɗanda masu zuwa suka fasa kamawa. Ta bar keke marar taya, da mutum bakwai da suke rantsuwa sun gan ta a ranakun da babu wanda ya murza komai. Ta bar ɗalibai ashirin da uku, iyayen huɗu daga cikinsu sun soma neman gida a birni. Ta bar ni. Ban ɗora wa Farquhar laifi ba, kuma ina roƙo kada kowa ya ɗora masa.

Za a yi jana'iza ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Ruairidh masunci zai kai ta tsakiyar tafki a jirginsa, kowa ya zo da dutse ɗaya da za a ɗaura mata. Bayan nan akwai shayi da burodi a makaranta, a ajin ƙanana. Kujerun gajeru ne, masu ciwon gwiwa su yi haƙuri. Ina so in gan su a cike sau ɗaya, kafin hukuma ta zo ƙirga yara.