Ranar da Na Yi wa Kwamfutoci Anko

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Ranar ce na tsaya a gaban jama'a cikin sabuwar shadda, riƙe da jakar da na ɗinka da hannuna, wayar salula ta shaida wa duniya cewa jakar ta jabu ce.

Ni baduku ne. A Jakara aka haife ni, a nan na gaji basilla da wuƙar yankan fata daga mahaifina. Boko kuwa a firamare na tsaya (ita ma da bulala aka ƙarasa da ni). Da girma ya zo, 'yan'uwana dukawa suka ɗora mini shugabancin ƙungiyarmu, ba don na fi kowa sani ba, sai don na fi kowa furfura da son magana.

A lokacin sana'ar tana gargarar mutuwa. Jakar roba ta cika kasuwar Kurmi, yaranmu sun gwammace tuƙa adaidaita sahu da zaman ɗinki. Ƙofa ɗaya ta rage mana: wasu Turawa masu sayen kayan fata na aikin hannu. To su ma an sha cutarsu, a ɗinko jaka a masana'anta a ce musu ta Kano ce. Suka ce za su ɗauki kayanmu shekara da shekaru, amma sai in akwai shaidar da ba a iya yi mata coge.

Nan 'yata ta shigo. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Ummi. Ta karanci kwamfuta a jami'a, tana da aure da 'ya'yanta, amma ta ajiye harkokinta ta zo ta taimaki sana'ar gidansu. Ita ta kawo mana abin da ake kira bulokcen. Yadda ta fahimtar da ni shi ne, kowace jaka za a liƙa mata lamba, a shigar da wanda ya jeme fatar da wanda ya ɗinka. Bayanin ba a hannun mutum ɗaya yake zama ba. Akwai kwamfutoci a wajen dukawan Kano, da na Zariya, da Katsina, da Sakkwato, har Damagaram, kowace tana riƙe da nata kwafin, kuma ba a tabbatar da komai sai mafi yawansu sun yarda. Abin da aka tabbatar kuwa ya zauna ke nan. Mai saye ya haska lambar da waya, ya ga gaskiya.

Har nan na gane, na kuma yi murna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne manhajar da ke cikin kwamfutocin. Kala uku ce. Mutane daban-daban suka rubuta su, ba su ma san juna ba, amma duk doka ɗaya suke bi. Ummi ta rarraba su: wasu shaguna wannan, wasu waccan. Ɗaya tana da sauri da kyan gani, har da Hausa a cikinta. Ɗaya baƙa ce ƙirin, kamar allon makaranta. Ta ukun kuwa in ka kunna ta za ka iya zuwa alwala ka dawo. Mutanena suka fara ƙorafi, wai an fifita wasu a kan wasu. Ni kuma a rayuwata ba abin da na tsana kamar in ga ƙungiya ba ta yi kama da juna ba.

Na kira ta na ce a mayar da kowa kan mai saurin nan. Ta zauna a gabana ta yi mini bayani a hankali. Ta ce in mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka, ai alarammomi daban-daban ake kai wa su duba, don in duk a gaban malami ɗaya suka tashi, kuskuren da ya tsallake shi zai iya tsallake su gaba ɗaya. Ta ce manhaja ma mutum ne ya rubuta ta, kuma mutum ajizi ne. In uku ne, ɗaya ta yi tuntuɓe, biyun za su riƙe ta. In ɗaya ce tilo, duk tare za a faɗi, kuma ba mai cewa an faɗi.

Magana ce da ko yaron goye zai gane. Ni sai na ji kamar ana koya mini shugabanci. Na kawo mata tsintsiya da maɗaurinta, na kawo mata jinka da hannu ɗaya (in dattijo ya rasa hujja, karin magana yake jawowa). Da ta sake buɗe baki na ce, "Wai ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sunan dai na uwarka ne, Baba, amma maganar taka ce. Zan yi. Allah ya ga na faɗa."

Da a Kano na tsaya, da da sauƙi. Sai na ɗauki waya na bi shugabannin sauran garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ina yi musu wa'azin haɗin kai, har duk suka koma kan manhajata (ka ji fa, har ta zama tawa, ni da ban san inda ake kashe kwamfutar ba). Mutum ɗaya ne ya ƙi: Alhaji Sabi'u na Koki, wanda muka nemi shugabancin tare na kayar da shi. Tun ranar, ko cewa na yi rana daga gabas take fitowa, sai ya leƙa ya duba. Ya ce baƙar nan tasa ta ishe shi. Na yi ta ba da labarinsa a majalisa ana dariya.

Sai Turawan suka aiko cewa za su zo su gani da idonsu kafin a ƙulla yarjejeniya. Na ce kowa ya fito da duk abin da ya ɗinka a shigar da shi a tsarin a lokaci guda, don baƙi su ga muna da yawa. Na kuma fitar da anko, shadda ruwan ƙasa, kowa da kowa. Aka kafa rumfa a filin makarantar unguwa, aka jera kujerun haya, aka baje jakunkuna da takalma da gafaka a kan tabarmi. Da hantsi baƙin suka iso, mace da namiji da tafintansu. Dukawa sun cika rumfa kala ɗaya kamar buhunan masara, in ban da Alhaji Sabi'u da ya zo cikin koriyar riga ya zauna a gaba.

Na karɓi abin magana. Na yi dogon jawabi, tafinta yana bina har yana share gumi. Na ce a tsarinmu ba a ƙarya, domin abin da mafi yawan kwamfutoci suka faɗa shi ne gaskiya, kuma ba ya gogewa har abada. Na ce da can muna rarrabe, ni na haɗa mu muka zama baki ɗaya. Na hango Ummi a gefe tana kallon ƙasa, na ɗauka kunya ce.

Daga nan na ɗauko jakata, ta jar fatar akuya, wadda na ɓata makonni a kanta. Na miƙa wa Baturiyar na ce ta haska da wayarta.

Ta haska. Fuskar wayar ta yi ja. Ta nuna wa tafinta, ya yi ƙasa da murya, amma abin maganar yana kusa da bakinsa: "Alhaji, wai ta jabu ce."

Na yi dariya na ce a gwada wata. Ja. Aka ɗauko takalmi. Ja. Aka ɗauko gafakar da wani dattijonmu ya yi, wanda ba a taɓa jin ya ci amanar ko zare ba. Ja. Sai wani daga baya ya ce, "Shugaba, a haska hularka, ko ita za ta fitar da mu." Wasu suka ƙyalƙyale da dariya.

Alhaji Sabi'u ya sa aka ɗauko kwamfutarsa daga mota. Baƙar nan ta nuna komai daidai: jakata, sunana, majemin da ya jeme fatar. Na ji kamar in rungume shi. Sai Baturiyar ta yi wata tambaya, tafinta ya juyo ya ce tana so ta sani, ba yanzu na ce abin da mafi yawa suka faɗa shi ne gaskiya ba? To wannan ai ita kaɗai ce.

Ka ga da bakina na mayar da mai gaskiya maƙaryaci, na mayar da kaina ɗan jabu. Na tsaya da jaka a hannu ina murmushi irin na wanda aka kama a gonar wani.

Bayan kowa ya watse Ummi ta gano abin da ya faru. Manhajar tana da wani ɓoyayyen kuskure: in mutum ɗaya ya shigar da kaya da yawa a rana guda, sai ta ɗauka kwaikwayo ne. Ba a taɓa lura ba, don baduku ba ya gama jaka goma a yini, sai da na sa aka zuba su gaba ɗaya. Ta ce da an bar su uku yadda suke, biyun za su ƙi yarda, kuskuren ba zai tabbata ba, kafin la'asar an gyara. Amma yanzu duk sun sa hannu a kan ƙarya. Sai da aka yi watanni ana taro da jayayya tsakanin garuruwa kafin a warware. Turawan ba su jira ba.

Yau in ka bi layinmu, shagunan da ake jin ƙamshin fata a da, silifas na roba suke sayarwa. Dattijon mai gafaka ya rasu kayansa suna jibge a ɗaki. Ummi ta samu aiki a Abuja. Ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa" ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. In ta zo gaisuwa, muna hirar jikoki da ciwon gwiwata, ba ta ambaton kwamfuta, ni ma ba na ambato.

Alhaji Sabi'u ya zo har zaure ya jajanta mini. Na tambaye shi yadda aka yi ya san gaskiya. Ya ce, "Wace gaskiya? Ni fa ƙinka kawai nake yi."

Shaddar ankon tana nan, da ita na lulluɓe jakunkunan da ba a saya ba. Na sauka daga shugabanci, amma har yanzu akan nemi shawarata. In na yi magana na ga duk majalisa ta gyaɗa kai, sai gabana ya faɗi, in ce a dakata, a aika Koki a kira mini Alhaji Sabi'u.