Yadda Za Ka Gyara Wayarin Motar Babanka Ba Tare da Ka Tambayi Matarka Ba

Kai mai tsohuwar mota a gareji, matso kusa. Idan ka bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin cikin sati shida duk unguwa za ta san kai gwani ne, ko motar ta tashi ko ba ta tashi ba. Sunana Leposava, na yi shekara ashirin da shida ina harhaɗa wayoyin mota a wata masana'anta a nan garin Valjevo. Amma kwantar da hankalinka, ba can na samo wannan ilimi ba. A wurin mijina Budimir na same shi, mutumin da ko ƙwan fitila zai canja sai na riƙe masa kujera.

1. Yi alkawari a gaban jama'a

Kada ka buɗe bonet tukuna. Fara da baki. Ranar da aka sa ranar auren 'yarmu Danica, ana cikin cin abinci ta ce, "Da Kaka Toza yana raye, a motarsa zai kai ni coci." Budimir ya miƙe da kofin barasa a hannu ya ce, "A cikinta za ki je! Ni zan tayar da ita da hannuna." Shekara goma sha ɗaya motar tana ƙarƙashin tampol tun rasuwar mahaifinsa, kuma tsohon bai taɓa yarda ɗan nasa ya riƙe sitiyarinta ba. Danica ta rungume uban tana hawaye, washegari ta soke motar hayar da aka kama. Yi hakan kai ma, domin alkawarin da ba a ɗora farin cikin wani a kansa ba, ba ya jawo tafi.

2. Kori wanda ya sani

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Na shiga gareji na ce, "Budo, kafin ka kwance komai, akwai wani abu a bayan..."

Ya katse ni, "Lepa, kabejinki na ƙuna."

Bayan kwana uku na sake gwadawa. Ya ɗago daga cikin injin ya ce, "Ke naɗa waya kika iya a layin masana'anta. Nan maganar mota ake yi." Daga nan ya sa wa garejin kwaɗo, ya rataya makullin a wuya.

Ga abin da ya hana ni faɗa. A shekarun da satar mota ta yi yawa, kowane mai mota a garin nan yana da ɓoyayyen maɓalli. Budimir yana Austriya aikin gini lokacin, sai tsoho Toza ya kira ni ya ce, "'Yata, ke ce mai hannu a gidan nan." Ni na yanke wayar da ke kai wuta kwail, na ratsa da ita bayan farantin tokar sigari, na liƙe da dalma. In ba ka jawo farantin waje ba, injin zai yi ta juyawa har batir ya mutu, ba zai kama ba. Mu biyu muka san wannan, ɗaya kuma yana maƙabarta.

3. Nemo mashawarci wanda bai fi ka ba

Budimir ya kira Ratko, wanda ya tsaya mana shaida ranar aurenmu, ɗan fansho daga kantin takalma. Aikin mashawarci shi ne ya tsaya da sigari a baki, ya shuri taya, ya ce, "Batir ne." Idan an sa sabon batir ba ta tashi ba, ya ce, "Ai dama na ce maka fulogi ne."

4. Canja duk abin da ke da ƙusa

Batir, fulogi, kwail, kik, har da ƙwan fitilar cikin but. Kada ka auna wuta a ko'ina. Awo na masu shakka ne. Duk abin da ka cire, jera shi a kan tebur a ƙofar gareji don masu wucewa su ga girman aikin. Idan maƙwabci ya tambaya, goge hannu da tsumma ka ce, "Kayan da, ba kowa ke gane su ba."

5. Fis ya ƙone? Laifinsa ne

Fis ɗan ƙaramin abu ne da aka yi don ya ƙone kafin motarka ta ƙone, saboda haka kada ka raga masa. Karɓi takardar azurfar cikin kwalin sigarin Ratko ka naɗe shi da ita, kamar yadda kakanninmu suka yi. Idan hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin sitiyari, ka ce ƙura ce. Ina shanya a tsakar gida na ji warin robar waya, warin da ko a barci zan gane shi. Na ƙwala kira, "Budo, cire kan batir!" Ya cire, sannan ya leƙo ya ce dama abin da zai yi ke nan.

6. Wayar da ta rage

Za a sami ɗaya ko biyu da ba ka san inda suka fito ba. Haɗa su da mafi kusa ka naɗe da salatif. Ta haka Budimir ya aurar da wayar hon ga wayar fitilar birki.

7. Ranar biki, tura ta waje

Asabar da hantsi aka turo motar ƙofar gida. An wanke ta, an ɗaura farin tawul a madubanta, an jera furanni a bonet. Masu busa ƙaho sun iso, dangin ango sun cika titi da motoci. Budimir bai gaya wa kowa cewa har yanzu ba ta tashi ba, yana jiran ikon Allah.

Ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, shiru. Ya sake. Ratko ya ce, "Mai ne." Wata gwaggon ango ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To amarya a baro za a kai ta?"

Ba zan ɓoye maka ba, sati shida ina jiran wannan lokacin. Na so ya juyo a gaban mutanen nan ya ce, "Lepa, zo ki duba." Ko kallon inda nake bai yi ba. Sai na dubi kujerar baya. Danica tana zaune cikin farar riga, ta riƙe hoton kakanta a cinya. Ta ce a hankali, "Baba, ba komai, mu shiga ta Ratko." Nan fushina ya kwance, kunya ta kama ni da na bar abin ya kai haka.

Na buɗe ƙofar gaba na zauna. Na ciro ƙullin farar takarda daga jaka, na jawo farantin toka na jefa a ciki, na bar shi a buɗe. Na ce, "Gwada sau ɗaya, Budo."

Ta tashi. Muryar nan tata ta da, mai ɗan tari a farko, har sai da tsofaffin unguwa suka yi alamar gicciye.

8. Karɓi yabo

Daga gida zuwa coci duk inda ya taka birki hon ya ɗauka. Sa'arsa ɗaya, a ayarin biki kowa hon yake dannawa, sai aka ce ba a taɓa ganin uban amarya mai murna irin tasa ba. A wurin walima ya hau kujera ya yi bayanin yadda ya gano matsalar tun satin farko. Ratko ya ce shi ya nuna masa. Danica kuwa ta zo ta bayana ta raɗa mini, "Mama, ke ba kya zubar da shara a mota." Na ce ta je ta yi rawa da mijinta.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan motarsa ta kama da wuta, ko 'yarsa ta tafi coci a baro, kada ya ambaci sunana, babu ruwana. Fis ɗin na sa na gaskiya, hon ma na raba shi da birki ranar da ya manta makullin a banɗaki. Maɓallin kuwa na sauya masa wuri. Danica ta san inda yake, ni da ita muke shiga motar mu kai wa tsoho Toza furanni ranar Lahadi. Budimir ya ce motar tana da rai, mata kawai take so. Duk ranar da ya tambaye ni zan gaya masa, ba zan ja masa rai ba. Wata takwas ke nan bai tambaya ba, jiya ma sabon batir ya sayo.