Gonar Fatsuma a Cikin Ƙunshi

Shekaranjiya da dare na ji wani gurnani daga gabas, ba na jaki ba, ba na babur ba. Na kwana ina zaton duwatsun Birni ne suka fara magana. Da safe aka ce mini injin wuta ne na wani biro, wato ofis, yana sanyaya ordinatar, kwamfuta ke nan. Mu a unguwar Zango babu kuran, wato wutar lantarki, amma na ji daɗi, ashe akwai mai shan iska a garin nan.

Biron nan na raka maƙwabciyata Fatsuma. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a ƙauyen Guna, mai gonar kusa yana ta ci mata iyaka. So take a fito mata da iyakarta kafin ruwa ya sauka.

Ma'aikacin da ke gaban allon ordinatar, wanda ake ce wa Mushe, ya yi mana bayani. Kowace gona da lambarta. A ƙarƙashin lambar an naɗe komai, suna da iyaka da shaidu, an mai da su zare ɗaya mai tsawo an ɗaure. In an kira lamba, sai a kwance.

Na ce, "Mushe, ashe kayan raƙumi ne! Haka ubana yake ɗaure gishiri."

Ya ce, "Baba, zauna."

Ya kira lambar. Allo ya ce: "Iyaka, daga gawon da tsawa ta tsaga zuwa," sai waɗansu 'yan akwatuna a jere, farare tas. Gaskiya sun yi kyau. Na daɗe ina kallonsu.

Fatsuma ta ce, "Ɗana, karanta sauran mana."

"Inna, sauran bai kwantu ba. Tsohuwar na'ura ce ta ɗaure, sabuwa ke kwancewa, ɗaurinsu kuwa ba ɗaya ba."

"Wanda ya san tsohon ɗaurin fa?"

"An yi masa canjin gari."

"Takardun da muka kawo?"

"Mun wuce zamanin takarda, Inna."

Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, wanda ya buɗe tsohuwar na'ura da kiɗa, ya buɗe sabuwa da kiɗa da lemo. Mushe ya rantse babu abin da ya ɓata, gonar na nan ciki lafiya, fitowa ce dai ba ta yi. Ni ma na shaida, ban taɓa ganin gona a wuri mai sanyi haka ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta taga. Fatsuma ta gyara mayafi, ta dubi Mushe, ta dube ni, ta dubi allo.

"To bayin Allah, in ruwa ya sauka gobe, daga gawon nan in yi shuka zuwa ina?"