Sallama a Kulwar

Da mushe, malamin makarantarmu, ya ce gobe zai rufe karɓar takardun jarrabawa, na ce wa Baba ya huta, ni kaɗai zan je Dungas in karɓo takardar haihuwata. Ai na girma, gashin gemuna har uku.

Ina shiga ginin ofishin magajin gari sai ga wani dogon ɗaki babu kujera, ƙofofi dama da hagu. Na ce lalle zauren manya ke nan. Ɗan mutunci kuwa ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Na tuɓe takalma, na rangaɗa sallama, na durƙusa. Mutane suna ta tsallake ni, ina tausayin rashin tarbiyyarsu.

Da azahar wata tsohuwa mai shara ta tsaya a kaina.

"Kai yaro, rasuwa aka yi?"

"Iya, maigidan nake jira."

"Wane maigida? Nan kulwar ce, hanyar wucewa! Mai sa hannu a takardun ya tashi, shi ne ka yi wa Allah ya kiyaye hanya ɗazu."

Da ƙyar Baba ya roƙi mushe ya ƙara mini kwana biyu.

Har yau, ko rumbu na dosa, sai ƙanwata ta ce, "Yaya, durƙusa, maigidan yana fitowa."