Kanar ɗin Balkisa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki agwagwa daga Paris har Lyon ba. Ɗiyata Balkisa can take karatun ƙera jiragen sama, za ta kare aikinta gaban malamai. Ana jibi ta bugo waya a gurguje.

"Inna, don Allah ki taho da kanar. Malamai na son su gani, in babu shi aikina bai cika ba."

Na ce to. Ban tambaya ba, don ni ma na yi lakwal, wato makarantar manya, kuma kanar na cikin kalmomin Faransanci da na fara koya, har da hotonta a allo: agwagwa. (Na ɗan yi mamakin malaman da ke zaɓen nama, amma na ce kowane gari da al'adarsa.) Na zaga shagunan unguwar Goutte d'Or a nan Paris sai da na samu ta halal, na soya, na barbaɗe ta da yaji. A jirgin ƙasa kowa sai waige yake, ni ko na rungume kula a cinya.

Na iske Balkisa a ƙofar ɗakin jarrabawa, malamai na shiga. Na buɗe kular. Ƙamshi ya cika wurin.

"Inna, mine ne wannan?"

"Kanar mana."

Ta dafe bango. Ashe wani ɗan jirgin katako take nufi, wanda ta bari bisa kabad ɗina, kwaikwayon jiragen farko da aka gwada, masu ƙaramin fiffike a gaba, babba a baya. Wai don sun miƙa wuya kamar agwagwa aka sa musu sunan. Ni kullum in na share masa ƙura cewa nake yarinyar nan ta haɗa shi a juye.

Wani tsohon malami ya leƙa kular, ya ce, "Madam, wannan kanar ya riga ya sauka."

Suka yi dariya, na rasa inda zan sa fuskata. Haka Balkisa ta tsaya tana zana jirgin a allo. Ta ci jarrabawar, alhamdulillahi, amma sun rage mata maki, ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Har yau haushin bai sake ni ba. Mutum ya ƙera jirgi, ya rasa sunan sa masa sai na abin miya? Yanzu dai ko ruwa Balkisa ta ce in kawo, sai na tambaya: na sha, ko shi ma tashi yake?