Geron Tanti Ya Samu Hatimi

Farkon makon nan aka kama gero a bawaba, shingen da ke bakin gari. Buhu guda ne, na Tanti Rahamatou, matar da ke sayar mana da tuwo a unguwar Mahdiya, nan ƙasar da muke ci-rani. Daga Damagaram 'yan'uwanta suka ɗoro shi a saman kamyo, babbar motar kaya, don 'yarta Nafissatou ta haihu, nono ya ƙi zuwa, jariri sai kuka, maijego kuwa ba abin da take nema sai kunun kanwa. Ni Tanti ta aika in karɓo, wai na yi kwaleji. Kwalejin da har yau bai saya mini komai ba sai wankin mota.

Na tarar da shugaban bawabar, Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi, a inuwa, ya miƙe ƙafa, yana shan shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Na gaishe shi da ladabi. Ya ce abin da ke buhun baƙon kaya ne, ba shi da takardar asali, kuma ana shirin Bikin Abincin Afirka Uwa Ɗaya, don haka abincin waje ba ya shiga. Yana cikin magana motar tumatir da barkono ta taso daga lambunan garin Samnu. Ya ɗaga mata hannu kamar ya ga ɗan ɗakinsu.

Na juya na tafi. Ikamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta mutu tuni, bakina ma ya bi ta.

Amma ku zan faɗa muku. Mushenmu, malamin da ya koya mana tarihi, ya ce tumatir ɗin nan, da barkono, da masara, da rogo, da dankali, har gyaɗar da ke cikin shayin Ranka-ya-daɗe, duk daga Amurka jiragen ruwan Turawa suka kwaso su bayan sun gano hanyar can. Jiragen kuma da za su koma, suka tafi da kuɓewa da wake da mutanenmu a ɗaure. Gero kuwa nan aka haife shi. Shi ne baƙo yau.

Na faɗa wa Hamidou, abokin ɗakina, mai ban ruwa a lambu. Ya ajiye cokali.

"Souley, boko ya taɓa ka. Barkono ne ɗan Amurka? Kakata da shi ta yaye ni!"

"Kakarka ta tarar da shi ne."

"To in baƙo ne, ina ikamarsa?"

"Ya shiga tukunya. Ba wanda ke tambayar tukunya."

Hamidou ya ɗago jan barkono daga miya, ya dube shi da girmamawa, ya ce, "Sannu, Alhaji. Ka riga mu zuwa, ka riga mu zama." Sannan ya cinye shi.

Da na ba Tanti labarin, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ba ruwana da kakan tumatir, ɗana. Jikana yunwa yake ji."

Na koma bawaba washegari, aka ce bukra, wato sai gobe. Na sake komawa, aka ce Mai Hatimi ya tafi taron kwamitin biki. Allah ya ƙara wa kwamiti lafiya, ba su taɓa gajiya da zama ba.

Jiya aka yi bikin. Kwamiti ya nemi matan Afirka da za su ɗaura atamfa su riƙe taɓarya saboda masu hoto, aka ɗauki Tanti, ni kuma na ɗauko mata turmi. An kafa rumfa, an jera tutoci, an shirya teburin gadon kakanni: masara, dankali, tumatir, barkono tsibi-tsibi. Amurka dai gaba ɗaya, an sa mata rawani. A tsakiya kuwa ga buhu tsaye, an manna masa takarda da hatimi shuɗi: hatsin kakanninmu, noman kwamiti.

Tanti ta matse mini hannu. "Ka ga facin jan zaren can? Ɗinkin ƙanwata ne."

Babban Baƙo, Uban Haɗin Kan Ciki, ya iso bayan rana ta gama dafa mu. Ya yi jawabi cewa Afirka ba ta bukatar abincin kowa. Ya tsoma hannu a geron, aka ɗauki hoto, ya goge hannun da hankici. Daga nan suka shige ciki cin taliya. Dole a yaba musu, ko ƙwaya ɗaya ba su ci daga gadon kakanni ba.

Motoci na tashi, Tanti ta ce, "Souley, ɗauka."

"Tanti, ikamata fa."

"Ɗauka, na ce. Kayana ne."

Na ɗauka. A bakin ƙofa wani shurɗa, ɗan sandan nan ƙasar, ya tare mu. Ya dubi buhu, ya ga hatimi, ya gyara tsayuwa. Sai ya juyo kaina, ya miƙo hannu: takarda. Ni kuwa ba ni da ita.

Tanti ta ce, "Tare yake da geron."

Ya sake duban hatimi, ya sake dubana, ya matsa gefe. Har da gyara mini buhun a kafaɗa.

Kafin la'asar kunu ya dahu. Nafissatou ta sha kwano biyu tana zufa, yau da safe kuma Tanti ta ce jariri ya sha ya yi barci, gida ya yi shiru har maƙwabta sun leƙo tambaya ko lafiya.

Ni dai na roƙi buhun in ya ƙare. Na riga na yi magana da tela. Riga zai ɗinka mini, hatimin a ƙirji.