Rasuwar Ɗan Dubai, Rim ɗin Motar Baban Promise

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da harshen da ya yi nauyi, Malam Reuben Zacchaeus, wanda aka fi sani da Baban Promise, ma'aikacin gwamnati a nan Azare, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abin ƙaunarsa, Ɗan Dubai, rim ɗin gaba na hannun dama na baƙar motarsa, wato ƙarfen da ake sa wa taya. Marigayin ya cika ranar Asabar da hantsi a kan hanyar Gamawa, bayan ya ɗan yi fama da jinya, a gaban amarya da ƙawarta.

An haifi marigayin a wata ƙasa da har yau ba a tantance ba. Wanda ya sayar da shi, wani Izzuddeen mai shago a Kano, ya rantse cewa daga Dubai ya sauka shi da 'yan'uwansa uku, kuma daga nan sunan ya samo asali. Baban Promise bai same su da sauƙi ba. Damina guda ya kwashe yana duba hotunan rim a waya, yana faɗaɗa su da yatsu biyu, yayin da tsofaffin da suka zo neman sa hannunsa suke gyangyaɗi a bencin ƙofar ofis. Motar tasa 'yar Jamus ce, injinta na gurnani kamar zai ci mutum, amma rim ɗin da ta zo da su ƙanana ne, kuma kullum ya kalle ta sai ya ga kamar an sa wa amarya takalmin wanka. Da idonsa ya faɗa kan Ɗan Dubai, mai inci ashirin, mai siraran haƙarƙari masu walƙiya, sai ya ajiye biro ya kira Kano.

A garejin Malam Gali aka ɗaura su, ranar da unguwa ba za ta manta ba. Da fari rim ɗin ya ƙi zama, yana gogar birki. Aka kawo wani faifan ƙarfe aka sa a bayansa don ya turo waje, sai notinan suka gaza. Aka nemo dogaye. Sannan aka sa masa taya siririya, wadda kaurinta bai fi na silifa ba. Da aka sauke jak, Malam Gali ya ja da baya, ya goge hannu a riga, ya ce, “Oga, wallahi ko a Abuja sai an waiwayo an kalle ka.” Wannan maganar ta zauna wa Baban Promise a rai, ya riƙa maimaita ta ga duk wanda ya tsaya, har da waɗanda tambayar hanya kawai suka tsaya yi.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da tsafta. Sabulunsa daban, tsummansa daban, kuma da buroshin haƙori ake bin lungunansa kowace safiya kafin mai gidan ya wanke nasa bakin. Ya kuma koya wa mai shi haƙuri. Motar da aka ƙera don gudu ta koma tafiya cikin gari kamar tana bin gawa. In ta zo tudun rage gudu, sai ta karkace ta haye shi a kaikaice, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, 'yan acaɓa suna hon a baya, masu keke napep suna wucewa suna yi wa direba sannu da jiki.

Abu ɗaya ne marigayin da 'yan'uwansa ba su ƙauna a rayuwa, shi ne nauyi. Da zarar mutum uku sun zauna a baya, sai taya ta fara gogar madigad, a ji wannan muryar da har yanzu take yi wa mai shi yawo a kunne: ƙirrr, ƙirrr. Saboda haka ne aka tsara cewa ranar Lahadi uwargida Kezia da yara za su riƙa tafiya coci a keke napep, shi kuma ya biyo su a baya shi kaɗai, gilashi a rufe. Da surukarsa ta zo daga Bogoro da buhun acca, ya je tasha tarbarta cikin ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya dubi tsohuwar, ya dubi buhun, sannan ya ɗaga hannu ya tsayar da keke.

Ta ce, “Reuben, ni ce na yi nauyi ko buhun?”

Ya ce, “Mama, ba ke ba ce. Tayar ce ba ta so.”

Tun daga ranar tsohuwar ba ta ƙara kiran sunansa ba. In za ta tambayi lafiyarsa, sai ta ce wa Kezia, “Yaya mai tayar?”

Ciwon ajali ya fara a hankali. Sitiyari ya soma rawa in an ɗan taka. Sannan taya ta riƙa kwana da iska ta tashi babu, har mai facin bakin titi ya daina tambayar abin da ya kawo shi. Baban Promise ya tabbata bakin mutane ne. Ya ƙara yawan wanki.

Ana cikin haka bikin Joan, ƙanwar Kezia, ya taso. Za a ɗaura a Gamawa, inda ango Israel yake koyarwa. Baban Promise ya ga dama ta samu da zai wanke kansa wajen surukai, ya miƙe a taron dangi ya ce motarsa ce za ta ɗauki amarya, kuma aka ba shi kujerar uban biki. Kezia ta ja shi gefe ta ce, “Baban Promise, ka bari a sa ta a motar fasto. Ranar yarinyar nan ce, ba ranar rim ɗinka ba.” Ya ce ta bar masa komai. Sharaɗinsa ɗaya ne, amarya da ƙawa ɗaya tak, kuma shi ya zaɓi ƙawar da kansa: Jannatu, abokiyar aikin Joan, don duk cikin ƙawayen ta fi rashin jiki.

Ranar bikin, da suka fita gari titi ya miƙe, sai ya duba madubi ya ga ayarin motocin biki a bayansa, har da wadda surukarsa take ciki. Zuciyarsa ta ce masa yau ce ranar. Ya taka. Injin ya yi kukan da aka daɗe ba a ji ba, ayari ya ɓace a baya, Joan ta dafe mayafinta tana cewa, “Yaya, a hankali!” Shi kuwa murmushi yake yi. Ya ce a duk zamansa da marigayin bai taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, kuma yana roƙon a rubuta hakan.

Ashe akwai wani rami a bayan wata kwana, ruwan sama ya cika shi ya yi lumui kamar titi. Kalmomin marigayin na ƙarshe biyu ne: gwaram, sannan fuuu.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Baban Promise ya fito da gudu, ya wuce ƙofar amarya, ya durƙusa gaban rim ɗin. Ya tsage tun daga baki har cibiya. Aka buɗe but don a ɗauko safaya, sai aka tuna ya cire ta tuntuni don rage nauyi. Motocin ayari suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowace maƙil, mutane har kan cinya. Wadda take da wuri ita ce akori-kurar da ta ɗauko kujerun haya da rumfa. Joan ta tattare farar rigarta, Jannatu ta riƙe mata jela, ta hau gaba kusa da direba.

Ya ce, “Joan, ki ɗan jira, yanzu zan kira Malam Gali.”

Ta ce, “Yaya, ka zauna da gawarka. Ni ana jirana a coci.”

Ya zauna. Aka ɗaura aure, aka yanka kek, aka kira uban biki har aka gaji, wani dattijo ya hau kujerar. Shi yana bakin titi cikin kwat, ya hana kowa taɓa mamacin, shanu suna wucewa suna kallonsa.

An yi iyakar ƙoƙari. Mai walda ya ɗinke tsagar, ta sake buɗewa a gefen ɗinkin kafin a kai ƙarshen layi. Aka kira Izzuddeen, ya yi ta'aziyya mai ratsa jiki, sannan ya ce wannan samfurin ya ƙare a duniya, amma akwai wasu huɗu sababbi da suka sauka jiya, in oga yana so a turo hoto.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan'uwa uku, waɗanda ba su da amfani in babu shi. Da mota guda, wadda take tsaye a tsakar gida da bulo a ƙarƙashin kafaɗarta. Da mai shi, wanda yanzu yake zuwa ofis a bayan acaɓa, ya kuma iso da wuri. Amarya da ango ba su aiko da gaisuwa ba tukuna. Uwargida Kezia ta ɗauki rashin da ƙarfin hali na ban mamaki, har maƙwabta sun ji ta tana waƙa a kicin.

Game da jana'iza, Baban Promise ya so a rataye marigayin a falo kusa da hoton aurensu. Kezia ta ce ya zaɓi wanda zai kwana a gidan, ita ko shi. Saboda haka za a ɗauki gawar ranar Laraba da safe zuwa rumfar Malam Maigida, mai narka dalma a bayan kasuwa. Ya riga ya zo ya duba mamacin, ya ƙwanƙwasa shi ya saurara, ya ce zai ba da tukunya ɗaya madaidaiciya da ludayi biyu. Za a karɓi gaisuwa a gida bayan an tashi aiki. Ana roƙon masu zuwa da mota su ajiye ta a bakin layi, don mai makoki ba ya iya kallon ƙafar motar kowa a yanzu. Wanda bai samu zuwa ba, kada ya damu. Uwargida ta ce ranar Lahadi za a ɗora marigayin a wuta da dafa-duka, kuma kowa ya zo da faranti.